Ƙarin nahawu a harshen kwamfuta: wani ya ɗebo da zafi, bakin wani ya ƙone

Bara waccan, ana tsakiyar kaka, aka kira ni wata ƙungiyar manoma a wani gari na jihar Maraɗi, wai in zo in duba masu kwamfuta kafin su kai mai tsaron mangazarsu wurin jandarmomi. Dattijo ne, ya yi shekaru yana riƙe da mabuɗi, ba a taɓa jin ya ɗauki ko tiya ɗaya ta wake ba. Amma ga shi buhunan da suka fita daga mangaza sun fi kuɗin da suka shiga asusu, kuma giɓin ba ƙarami ba ne. Da na iso na iske shi zaune bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa, ƴaƴansa biyu tsaye a bayansa. Ban da rantsuwa ba shi da wata hujja, ita kuwa kwamfuta, a ganin mutanen wurin, ba ta ƙarya.

Na ce a kawo mini takardun wata uku. Abin da ya fara tsone mini ido shi ne wani lissafi da ya ƙare da dala biyu. Buhun wake a lokacin jika ashirin da biyar suke sayarwa, ba ragi ba ƙari, to daga ina dala biyu ta fito? Wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar kaya bashi ya biya ƙarshen wata ya ɗauki buhu 10 da safe, ya dawo da yamma ya ƙara 4. Buhu 14 ke nan, kuɗinsu 350,000. Manhajar ta rubuta masa 100,010. Da yake an zuba wannan adadi cikin jimillar wata, babu wanda ya lura.

Wani yaro ɗan staj ne ya rubuta masu manhajar da harshen C, ya gama ya tafi neman aiki wata ƙasa, lambar wayarsa ba ta shiga. Na buɗe kod ɗin, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaron ya sa `#define idan if`, ya sa `#define in_ba_haka_ba else`, ya maye gurbin bakan buɗewa da `fara`, na rufewa da `gama`, wani wurin kuma ya koma Faransanci irin na darasin algoritim, da `SI` da `ALORS`. A tsakiyar wannan kwamacala ga layin da ya kusa ɗaure dattijo:

`#define KUDI(n) n * FARASHI`

Inda ake haɗa kayan safe da na yamma ya rubuta `KUDI(safe + yamma)`. A idon mutum wannan daidai ne: tara buhu, ka ninka da farashi. Amma abin da ya isa ga injin shi ne `safe + yamma * FARASHI`, kuma duk ɗan firamare ya san ninkawa tana gaba da tarawa. Huɗu sau 25,000, a ƙara goma. Ga dala biyunku nan. Baka biyu kawai aka rasa, suka kusa tafiya da mutuncin mai iyali.

Kwana biyu na yi kafin in gano bakin zaren, saboda duk lokacin da na taɓa wani abu, saƙon kuskuren da ke fitowa yana magana ne a kan kalmomin da ba su cikin rubutun da ke gabana. An wanke dattijo, an ba shi haƙuri, amma tun daga ranar na ƙulla faɗa da wata ɗabi'a da nake gani tana yaɗuwa tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja, daga Yamai har Damagaram: kowa ya koyi harshe wata shida sai ya ji ya isa ya yi masa ƙarin nahawu. Abin da nake cewa a fili shi ne, ƙara wa harshen kwamfuta sabon tsarin jimla bashi ne, kuma ba mai rubutu ke biyan sa ba, wanda zai zo ya karanta ne. Hanyoyin yin wannan ƙari ba ɗaya suke ba. Akwai wadda ta kamata a kore ta daga birorinmu, akwai wadda ake shiga da sharaɗi, akwai wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda bai san bambancinsu ba, bai kamata ya taɓa nahawu ba.

Domin wanda ba aikinsa ba ne ya bi ni, ga yadda abin yake. Rubutun da muke yi ba shi inji ke ci kai tsaye ba. Akwai manhaja mai fassara shi, wadda ake kira kwampila, ni tafinta nake ce masa. Tafinta yana fara yanka rubutu kalma-kalma, sannan ya yi masa li'irabi kamar yadda malamin nahawu ke yi wa jimlar Larabci a zaure: wannan aikatau ne, wannan shi ya aikata, wannan a kansa aka aikata. Sakamakon li'irabin shi ne abin da ake kira bishiyar jimla, inda kowane reshe ya san uwarsa. A cikin bishiya, "safe da yamma a tare" reshe guda ne, ba ya tsagewa. Daga bishiyar ne ake fitar da umarnin inji. Duk mai son ƙara nahawu dole ya zaɓi inda zai sa hannu: kafin li'irabi, ko a kan bishiya, ko a cikin dokokin li'irabin kansu. Duk rigimar a nan take.

Hanya ta farko, wadda yaron nan ya bi, ita ce sa hannu kafin li'irabi. Harshen C yana da wata manhajar share fage da ke bi ta kan rubutu kafin tafinta ya gan shi, tana cire wannan kalma tana dasa waccan. Ba ta san mene ne lissafi ba, ba ta san reshe ba, ba ta san iyakar suna ba. Makauniya ce da almakashi. Shi ya sa makro mai zaɓen babba tsakanin lambobi biyu, in ka ba shi `i++`, sai ya ƙara wa `i` sau biyu maimakon sau ɗaya, don an kwafe rubutun wuri biyu. Masu kare wannan hanya za su ce ai sai a sa baka ko'ina, a kiyaye. Haka ne, ƙwararru suna kiyayewa. Amma kayan aikin da lafiyarsa ta dogara ga kada mutum ya taɓa mantuwa, rijiya ce ba murfi a tsakar gida.

Kada kuma wani ya ɗauka yaronmu ne ya fara. Stephen Bourne, wanda ya rubuta manhajar karɓar umarni da ta fito tare da Unix bugu na bakwai a 1979, ya saba da harshen ALGOL 68 tun yana Cambridge. Da ya zo rubutu da C sai ya yi amfani da wannan share fage ya mayar da C kamar ALGOL, da `IF` da `THEN` da `FI`. Gwani ne na gaske, manhajar ta yi aiki, duniya ta amfana. Amma waɗanda suka gaji kod ɗin sun sha wuya, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Landon Curt Noll da Larry Bassel suka ƙirƙiro gasar rubuta C mafi rikitarwa a 1984, don yi wa irin wannan rubutu ba'a. Idan mutumin Bell Labs ya bar wa magadansa ciwon kai da wannan dabara, ina ga ɗan staj da zai bar gari bayan wata uku?

Hanya ta biyu ita ce sa hannu a kan bishiya, kuma a nan ne masu hankali suka daɗe suna aiki. Harshen Lisp, wanda John McCarthy ya fara a 1958, rubutunsa kansa siffar bishiya gare shi, baka cikin baka. A 1963 Timothy Hart na MIT ya kawo shawarar makro a cikinsa: ƙaramin shiri da ke karɓar reshe ya mayar da wani reshe kafin a fassara. A wannan tsari kuskuren mangazar can ba zai yiwu ba, domin "safe da yamma" yana shiga a matsayin reshe guda ya fita a matsayin reshe guda. Wannan ci gaba ne babba, ba na musu.

Sai dai ita ma ta zo da cutarta. A ce makro yana buƙatar wurin ajiya na ɗan lokaci, ya raɗa masa suna `t`. Kai ma mai amfani da shi kana da naka `t` a wurin. Sai na makro ya haɗiye naka, lissafi ya karkace, ba wanda ya ce uffan. Kamar baƙo ne ya sauka gidanka da ɗa mai sunan ɗanka, ka kira naka, nasa ya amsa ya karɓi saƙo. Masu Common Lisp suna magance wannan da hannu, suna ƙirƙirar suna na musamman da `gensym` duk lokacin da suka tuna. Kun ji kalmar kuma: duk lokacin da suka tuna. A 1986 Eugene Kohlbecker da Daniel Friedman da Matthias Felleisen da Bruce Duba suka fitar da aikin da ya kawo abin da ake kira makro mai tsabta, inda tafinta da kansa ke rarrabe sunayen makro da na mai gida. Harshen Scheme ya ɗauki wannan, ya zama cikin ƙa'idarsa ta 1998 da sunan `syntax-rules`. Darasin a nan a bayyane yake: sama da shekara ashirin aka yi tsakanin ƙirƙirar makro da gano yadda za a hana shi satar suna. Abin da ya ci wa malaman jami'a wannan lokaci, kai ba za ka warware shi a daren Asabar a fada ana shan shayi ba.

Hanya ta uku ita ce buɗe dokokin li'irabin kansu, kowa ya shigo ya ƙara nasa. A nan misalin da ya fi dacewa da mu masu karatun Faransanci shi ne OCaml, harshen da aka gina a cibiyar bincike ta INRIA a Faransa. Shekaru da dama yana tafe da wani kayan aiki mai suna Camlp4, wanda Daniel de Rauglaudre ya fara, da ke ba mutum damar ƙara sabuwar kalma, sabon fasalin jimla, har ma ya sauya kamannin harshen gaba ɗaya. Ƙarfi ne iya ƙarfi. Me ya biyo baya? Fayil ya zama ba ka iya karanta shi sai ka san waɗanne ƙare-ƙare aka kunna masa. Ƙari biyu daga mutum biyu suna iya karo da juna a kan jimla ɗaya. Editoci da sauran kayan aikin da ke taimaka wa mai rubutu suka rasa yadda za su yi, don ba su san nahawun da kowane gida ya ƙago ba. A 2014, da bugu na 4.02, aka fitar da Camlp4 daga cikin ainihin kunshin harshen, aka kawo wani tsari da ake kira ppx. A sabon tsarin nahawu ɗaya ne ga kowa, amma an bar wasu ƙofofi masu alama, irin su `[%suna ...]` da `[@@deriving ...]`, inda ƙari zai iya shiga ya sauya bishiya. Ppx ma yana da nasa ciwon, domin in siffar bishiya ta sauya daga bugu zuwa bugu sai masu ƙari su bi da gyara. Duk da haka ku lura da alkiblar: mutanen da suka ɗanɗani cikakken ƴanci su ne da kansu suka dawo suka gina katanga suka bar ƙofa.

Harshen Rust, da ya kai bugu na 1.0 a 2015, ya zo ya iske wannan darasi a shimfiɗe. Makro irin na kira a Rust yana ɗauke da alamar motsin rai, kamar `println!`, don mai karatu ya san a nan an bar hanyar kowa an shiga ta musamman. Abin da ke cikin bakansa dole ya zama kalmomin da tafinta ya iya yankawa, kowane baka da abokin rufinsa, kuma ba ya iya tsallake bakan ya lalata maƙwabta. A 2017 aka tabbatar da damar rubuta `derive` na kanka, wanda ke sa tafinta ya rubuta maka kod mai maimaituwa, kamar na mayar da bayanai zuwa JSON. Wannan shi ne ƙarin da nake girmamawa: yana da alama, yana da iyaka, yana ɗauke wa mutum aikin da in da hannu ya yi zai yi kuskure. Amma ko a nan ba kyauta ba ne. Irin waɗannan makro shiri ne cikakke da ke gudana a kwamfutarka lokacin fassara, yana ƙara jira, kuma in ka sauko da na wanda ba ka sani ba, ka ba shi mabuɗin ɗakinka ke nan.

Akwai kuma hanya ta huɗu da ta fi kowace farin jini wurin yaranmu masu gina shafukan intanet: a rubuta da wani sabon salo, wata manhaja ta juye shi zuwa JavaScript na kowa. Dabarar tsohuwa ce, Brian Kernighan ya yi wa Fortran irinta da Ratfor tun shekarun 1970, C++ ma da farko zuwa C ake juye shi. A zamaninmu Facebook ya kawo JSX tare da React a 2013, Babel ya zama tafintan da kowa ke bi ta kansa. JSX ya zauna, don kamfani mai ƙarfi da dubban mutane sun tsaya masa, sun gyara editoci, sun yi taswirar da ke mayar da kuskure zuwa layin da ka rubuta. Amma ku tambayi waɗanda suka zuba aikinsu cikin CoffeeScript, wanda ya fito a 2009 ya yi tashe, sannan JavaScript na 2015 ya ɗauke mafi yawan abin da ya sa ake son sa. Ku tambayi waɗanda suka rungumi alamar `@` ta ado a TypeScript tun 2015 tana matsayin gwaji, sannan kwamitin TC39 ya amince da wani fasali daban a 2022, TypeScript na 5.0 ya zo da shi a 2023, aka wayi gari alama ɗaya ma'ana biyu. Ku tambayi masu Scala, da aka ba su makro na gwaji a 2013, suka gina taskoki a kansa, Scala 3 ya zo a 2021 da sabon tsari, dole aka sake rubutawa. Waɗannan mutane suna da albashi da lokaci da intanet marar yankewa. Mu nan, wanda zai gyara shafin wata ƙaramar ƙungiya a Tawa sai ya sayi megabait da kuɗin aljihunsa don ya sauko da tarin kayan juyi na shekara biyar da suka wuce, ya yi addu'a wuta kada ta ɗauke, ƙarshe ya iske rabinsu ba su jituwa da juna.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, don sun sha faɗa mini a ido. Za su ce: kai da kake rubutu da Hausa kullum, kai ne kuma za ka hana a sa Hausa cikin kwamfuta? Yaron nan ai kishin harshe ya yi.

Kishi na gaskiya ne, wurin da aka zuba shi ne ba daidai ba. Kalmomin doka na C a ƙa'idarsa ta 1989 guda 32 ne. Na Python ba su kai arba'in ba. Na koyar da yara, ban taɓa ganin wanda ya kasa shirya manhaja saboda bai haddace `if` da `while` ba. Yaron da ya haddace sunayen ƴan ƙwallon Barcelona da lambobin rigunansu, kalma talatin ba za ta kayar da shi ba. Abin da ke kayar da su shi ne saƙon kuskure da ba su fahimta, da littattafan bayani da babu su da harshensu, da malamin da shi ma haddacewa ya yi. In ka sauya `if` zuwa `idan` da share fage, ba ka taɓa ko ɗaya cikin ukun nan ba. Ka ma ƙara na huɗu: yanzu in yaro ya kwafi kuskurensa ya nema a intanet, ba zai sami kowa a duniya da ya taɓa rubuta irin jimlarsa ba. Ka raba shi da jama'a da sunan kusanto da shi gida.

Kuma duk wanda ya taɓa aiki a biro a ƙasar nan ya ga yadda ake yin abin in za a yi shi daidai, ko da bai lura ba. A Excel na Faransanci kana rubuta `SOMME` da `SI`. Ka tura fayil ɗin ga ɗan uwanka a Kano, ya buɗe a nasa na Ingilishi, ya ga `SUM` da `IF`, lissafi bai motsa ba. Dalili shi ne fayil ɗin siffa ɗaya yake ajiyewa a ciki, harshen da kake gani riga ce da manhajar ke sa masa a gaban idonka. Scratch na koyar da yara ma haka yake, tubalan suna sauya harshe, ginin yana nan yadda yake. Wanda ke son yaran Hausa su ga `idan` da `maimaita`, ga aikin da zai yi: ya gina rigar a edita, ya fassara saƙonnin kuskure, ya bar abin da ke ƙasa ya zama na kowa. Aiki ne mai wuya fiye da layi goma na `#define`, shi ya sa ba a rububinsa.

Ban da haka, Hausa tana da babban fili a cikin kod wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Tun Python 3, da ya fito a 2008, kana iya raɗa suna da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Rubuta `kuɗin_buhu`, rubuta `ƙidaya_kaya`, yi bayanin kowane sashe da Hausa mai kyau. Sunaye da bayani su ne mafi yawan abin da mai karatu ke karantawa, kuma su ne ke gaya masa nufinka. Da yaron mangaza ya rubuta ɗan aiki na talaka mai suna `kudin_kaya`, mai karɓar adadi ya mayar da farashi, da Hausarsa ta fito, da lissafinsa ya yi daidai, da dattijo bai kwana biyu ba barci ba.

Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce to a haramta makro gaba ɗaya mana, kamar yadda harshen Go ya ƙi shi. Ban tafi nan ba. Akwai wurin da ƙarin nahawu ke hana kuskure maimakon haifar da shi: makro da ke duba jimlar SQL tun lokacin fassara, ko wanda ke rubuta kod ɗin karanta bayanai don kada hannu ya tsallake wani fili. Wanda ya hana wannan ya mayar da mutane ga kwafa da liƙawa, ita ma uwar kurakurai ce. Abin da nake so a koya daga masu tsauri shi ne nauyin da suke ba lamarin. Dubi Python. A kan ƙaramar alama guda, `:=`, aka yi muhawara mai zafi har Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen, ya sauka daga kujerar shugabanci a Yulin 2018. Da za su kawo jimlar `match` a bugu na 3.10 a 2021, sai da suka riga suka sauya injin li'irabinsu a 3.9, kuma suka tsara ta yadda duk wanda ke da wani abu mai suna `match` a tsohon kod ɗinsa ba zai karye ba. Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ina ganin mutane ne da suka san cewa jimla in ta shiga harshe ba ta fita, kuma miliyoyin da ba su halarci taron ba su ne za su zauna da ita.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma da masu ba da aiki nake fiye da masu rubutu. Shugaban ƙungiya, mai kanti, darektan makaranta, in za ka karɓi manhaja daga hannun wani, ka kira mutum na biyu da ya san harshen ya buɗe ta a gabanka. In ya ce wannan ba C ɗin da ya sani ba ne, ko sai an girka wasu kayan juyi da mai rubutun kaɗai ya san su, kada ka biya sai an gyara. Kai kuma mai rubutu, kafin ka ƙara nahawu ka tambayi kanka ko aiki na talaka zai iya yin abin. In zai iya, magana ta ƙare. In ba zai iya ba, ka bi ƙofar da harshen da kansa ya tanada, wadda ke aiki a kan bishiya, mai alamar da baƙo zai gani ya gane. Ka jarraba ka yi kuskure da gangan ka ga ko saƙon zai nuna layin da ka rubuta. Ka rubuta bayani kamar gobe za ka bar gari, domin a ƙasar nan yawancinmu gobe muna barin gari, wani Kwatano, wani Aljeriya, wani inda aiki ya kira.

Malaman da ke koyar da C a manyan makarantunmu, ku ma da ku nake. Kuna nuna wa ɗalibai `#define` a mako na uku kamar wani abin wasa, ba ku nuna masu yadda yake cizo. Ku ba su misalin buhu goma da buhu huɗu, ku bar su su nemo dala biyun da kansu. Darasin rabin awa ne.

Na koma garin nan bayan watanni, na sake rubuta manhajar da C na kowa da kowa, sunaye da bayani duk da Hausa, na nuna wa wata yarinya mai riƙe masu lissafi yadda za ta sauya farashi ba sai an kira ni ba. Dattijon yana nan da mabuɗinsa. Amma ya sayi littafi mai bango baƙi, duk buhun da ya fita sai ya rubuta da hannunsa, ya sa mai ɗauka ya dangwala yatsa. Na ce masa Baba, ai an gyara injin. Ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, amma littafinsa ko jikansa ya buɗe zai karanta. Wanda ke ganin na yi tsauri a wannan rubutu, ya fara kawo mini kod ɗin da zai ci wannan jarrabawa ta Baba, sannan mu yi magana.